Pari a kan sirdin keken haya

Ɗan kasuwa ko ma'aikacin gwamnati da aiki ya kai shi birnin Pari, galibi a ƙarƙashin ƙasa yake ƙare kwanakinsa. Ya shiga metro da safe, ya fito ƙofar biro, ya koma rami da maraice, har ranar komawa gida ta zo bai san ta ina rana ke fitowa ba a garin. Alhali kuwa a kusan kowace mahaɗar hanya akwai kekuna jere, kore da shuɗi, suna jiran wanda zai hau. Sunansu Vélib', wato an haɗa kalmar keke da ta ƴanci a Faransanci.

Ranar 15 ga Yuli 2007 aka buɗe tsarin, zamanin magajin gari Bertrand Delanoë, da tashoshi 750 da kekuna wajen dubu 10, a hannun kamfanin JCDecaux. Lyon ta riga Pari tun 2005, La Rochelle kuwa tun 1976 ta zuba kekunanta masu ruwan ɗorawa. A Janairu 2018 aikin ya koma hannun Smovengo, kuma shekarar ta zo da rikici, don tashoshi da dama sun yi watanni ba su aiki. Daga baya abin ya daidaita: tashoshi sun haura 1.400 a cikin birni da garuruwan kewaye. Koren keke da ƙarfin ƙafa yake tafiya, shuɗin kuwa batir ke taimakonsa.

Abin da baƙo ya kamata ya gane tun farko shi ne, wannan haya ba irin ta bakin kasuwa ba ce, inda mai keke ya san uban yaro kuma ya san gidansu. A nan babu mai keken da za a gaisa da shi. Katin banki shi ne shaida, shi ne kuma jingina: yuro 150 a zamanin farko, yuro 300 tun zuwan sabon kamfani, wato kusan jika 197 na sefa. Wanda ya saba ɗaure kuɗinsa a lalita, komai kaurinta, ba zai motsa keke ɗaya ba. Ga kuma ƙa'idar lokaci. An yi kekunan don gajerar tafiya. Rabin awa na farko a kan koren keke yana cikin kuɗin tikitin yini, abin da ya ɗara haka ana ƙirga shi dabam. Mai wayo sai ya maida keke tasha kafin lokaci ya cika, ya yi kallonsa a ƙasa, sannan ya ɗauki wani. Wanda ya jingina shi ƙofar gidan abinci ya shiga hira, agogo na can yana cin aljihunsa.

Hanyar da ta fi daɗi ga baƙon Afirka daga Château-Rouge take farawa, inda kasuwar Dejean ke ƙamshin busasshen kifi da manja, inda kuma da wuya ya rasa masauki ko ɗan'uwa. Kafin ya zaɓi keke, ya dubi sirdi: in an juya shi baya, alama ce da mahaya suka ƙirƙiro da kansu don faɗa wa na baya cewa keken ya lalace. Ya matsa taya, ya gwada birki. Daga nan gangara ce, ta Barbès da Magenta, a bi Strasbourg gaban shagunan kitso da aski na Château-d'Eau, a faɗa Sébastopol. Nan fa sai an natsu. Ƴan garin suna tuƙi kamar kabu-kabun Maraɗi ranar kasuwa, ba su jiran mai kalle-kalle, kuma kwaikwayonsu na da tsada: ƙetare jar wuta tarar yuro 135 ce, haka ma tuƙi da abin sauraro a kunne.

A bakin kogin Sen ne wahala ke biya. Titin da aka shimfiɗa wa motoci a gaɓar dama, an hana su shi tun 2016, ya zama na masu ƙafa da masu keke. Daga sirdi ana hango majami'ar Notre-Dame, wadda gobara ta ci rufinta a Afrilu 2019, aka sake buɗe ta a Disamba 2024. In aka hau titin Rivoli, wanda aka kore yawancin motoci daga kansa a 2020, ana bin doguwar katangar Louvre har dandalin Concorde, inda dogon dutsen da aka ɗauko daga Luksor ta Masar ke tsaye tun 1836. A metro, waɗannan wurare sunaye ne kawai a jikin bango. A keke ne mutum ke gane cewa maƙwabtan juna ne, kuma birnin duka bai wuce murabba'in kilomita 105 ba.

Keken yana tona wani abin da taswira ke ɓoyewa, wato tudu. Montmartre na da tsayin mita 130, kuma kowa na son gangarowa, ba mai son hawa. Shi ya sa da hantsi tashoshin tudu kan zama wayam, na bakin kogi kuma su cika maƙil, sai kaminyo ya bi yana kwasa yana maidawa sama. Baƙon da ya isa gindin hasumiyar Eiffel da la'asar yana iya tarar da tasha babu gurbi ko ɗaya, ya yi ta kewaya yana neman wata, lokaci na tafiya. In ya samu gurbin, kada ya juya baya sai ƙaramin allon da ke kan keken ya nuna STOP, don keken da bai kulle ba yana nan a wuyansa, da jinginar duka. Komawa Château-Rouge kuwa hawa ce tun daga kogi: ko dai shuɗin keke, ko kuwa layin metro na 4.