Horon Sana'a a Bakin Dajin Rugu

Aikina a wancan shirin ba wani babba ba ne. Ni ke koyar da lissafin ciniki: yadda ake raba uwar kuɗi da riba, yadda ake rubuta bashi, da dalilin da ya sa ba a ɗibar kuɗin cefane daga gwangwanin jari. Wata ƙungiya ce ta shirya horon a garin Batsari gab da faɗuwar damunar 2021, ta tara masu ƙaramin ƙarfi da masu buƙata ta musamman daga Batsari da Safana. Akwai guragu da makafi da kurame kaɗan, amma matan da aka kashe wa mazaje su suka fi yawa. Galibinsu ba 'yan gari ba ne. Gudun hijira ya koro su daga ƙauyukan bakin dajin Rugu, wasu tun bayan harin Tsauwa da Dankar na watan Fabrairun 2020, inda aka kashe mutum kusan 30.

Ɗakin taron da aka ba mu yana da matakala a ƙofa. Kowace safiya guragu kan bar kekunansu a waje, wasu su rarrafa, wasu a ɗauko su cak kamar buhun gero, sannan mu buɗe darasin dogaro da kai. Alhali tun watan Janairun 2019 aka sa hannu kan dokar hana nuna wa nakasassu bambanci, wadda ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara 5 su gyara hanyar shiga. Kurame kuwa ba a tanadar musu tafinta ba. Wata yarinya ce ke zama gaban yayanta tana juya masa maganata da hannu, irin nunin da suka saba yi a gida.

Manhajar daga birni aka zo da ita a shirye: sabulun ruwa, man shafawa, turaren ɗaki. Ranar da ake nuna haɗin sabulu, mai koyarwa ya ce a zuba soda a hankali har a ga ruwan ya canza kala. Wani dattijo makaho daga wajen Ruma ya ɗaga sandarsa.

"Malam, da idon wa zan ga ya canza?"

Aka yi dariya, shi bai yi ba. Da aka tashi na same shi a gindin darbejiya, na ce, "Baba, to wace sana'a kake so?" Ya ce shi ba sana'a ya rasa ba, tun yana yaro yake tufkar igiya. Abin da ya rasa shi ne kuɗin sarin kaba da yawa lokacin da take araha, da yaro mai amana da zai kai masa kaya kasuwar Batsari ran Alhamis. Fom ɗin da muke cikewa ba shi da gurbin irin wannan buƙatar, amma shugaban shirin ya yi kirki, ya bari aka ba shi kuɗi a madadin jarkokin sinadari.

Matan kuma sun fi ni sanin darasina. Ina cikin zana layuka a allo wata mai ƙuli-ƙuli ta katse ni: "Ɗana, mai shi ke maido da kuɗin gyaɗa da na niƙa. Ƙulin da aka toya da tunkuza shi ne naka." Ba ta taɓa riƙe biro ba, amma ta san ko kwalba nawa tiya ɗaya za ta ba ta tun kafin a kai injin. Matsalarta ita ce da kaka, lokacin da gyaɗa ke banza, hannunta wayam yake, sai ta yi tsada take saye kaɗan-kaɗan.

Wanda ya fi tsaya mini a rai wani saurayi ne daga yankin Runka, wanda shan inna ya shanye wa ƙafafu. Shi cajin waya ya zaɓa, kuma a ganina babu sana'ar da ta fi dacewa da shi: a zaune ake yin ta, ga ƙauyuka babu wuta, ga kowa da waya yana jiran labarin 'yan uwa. Aka ba shi ƙaramin janareta da allon soket. Ya yanka kwali ya rubuta lambobi bibbiyu, ɗaya ya manna a bayan waya da salatif, ɗaya ya miƙa wa mai ita, don kada a yi musanya. N50 yake karɓa. Kafin watan Agusta ya ƙare har ya koyi canza bakin caji, ya shiga adashi.

Sai tsaro ya ƙara taɓarɓarewa. Daga ƙarshen Agusta zuwa Satumba gwamnatin jihar Katsina ta hana sayar da dabbobi a kasuwannin yankin, ta hana sayar da fetur a jarka, aka rufe shagunan cajin waya, aka kuma katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13, har da Batsari da Safana. Kowa ya san dalili: da fetur baburan 'yan bindiga ke tafiya, da waya infoma ke tsegunta musu. Shi kansa saurayin bai yi musun haka ba. Amma cikin 'yan makonni sana'arsa ta zama laifi, man janaretansa ya zama laifi, wayoyin ma babu abin kira da su. Dattijon nan mai igiya shi ma abin ya taɓa shi ta inda babu wanda ya zata, don in ba a cin kasuwar awaki da shanu, wa zai sayi igiyar ɗaure su? Masu ƙuli-ƙuli da masu kwakin rogo ne kawai suka ci gaba da lallaɓawa, tunda ciki ba ya jiran zaman lafiya.

Sai cikin Disamba aka fara mayar da layuka. A lokacin rahotonmu ya daɗe da tafiya, ɗauke da hotunan ranar yaye ɗalibai, kowa riƙe da takardar shaida. Ba a ware ko sisi don komawa duba su ba, kuma gaskiya hanyar Runka a wancan lokacin ba ta biyuwa don ziyara.

Yanzu jihar na da hukumar bunƙasa ƙananan sana'o'i, KASEDA, wadda Gwamna Dikko Umar Raɗɗa ya kafa bayan hawansa a 2023, shi da ya shugabanci takwararta ta tarayya, SMEDAN, daga 2016 zuwa 2022. Fatana duk wanda za a tura yammacin Katsina ya fara tambayar mutum abin da hannunsa ya riga ya iya, ya kuma koma bayan wata shida.

Saurayin nan mai cajin waya kuwa, na gamu da shi a wata tashar mota a birnin Katsina bayan an cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da N200 ta haura N500. Ya sayar da janaretan tuni, yana jiran teburin cajin wani ana biyansa kullum. Na tambaye shi ko zai koma gida in an sake ba shi jari.

"Zan koma, Malam," in ji shi. "Amma a faɗa musu sola nake so, da batir biyu."