Kafin Ka Kama Hanyar Arewa da Babur Cikin Hunturu

Ku gyara zama, 'yan uwa, a ƙara gawayi a murhun shayin nan, don maganar da zan ɗauko ba ta tsaye ba ce. Ga ƙanenmu nan ya sayi babur, Allah ya sa alheri, kuma ya ƙudura cewa da shi zai tafi Dapango ɗaurin auren abokinsa cikin watan Janairu. Hajiya ta ja ni gefe ta ce in yi masa magana. Ni dai ba zan ce kada ya tafi ba, domin saurayin da aka hana a gaban mutane, da asuba yake sulalewa ya tafi ba shiri. Gara mu yayyensa mu zauna mu shirya shi, abin da aka faɗa kuma ya tsaya a kan tabarmar nan.

Ƙanena, abu na farko da nake so ka riƙe shi ne, kai haifaffen Lome ne, ba ka san hunturu ba. Abin da muke kira sanyi a nan 'yan kwanaki ne na hazo, leɓe ya bushe, a kashe fanka da dare, shi ke nan. Teku ne yake riƙe mana ɗumi da laima. Iskar hunturu daga Sahara take tasowa, ta arewa maso gabas, tun Disamba har Fabrairu, kuma kafin ta iso bakin ruwa ƙarfinta ya ƙare. Kai kuwa gidanta za ka tarar da ita. Daga Sokode zuwa sama, da tsakar rana zafi yana wuce digiri 30, amma da asuba sai ya sauko ƙasa da 20, wani lokaci ya kusanci 15. Za ka bar Zongo kana gumi, ka ga rigar sanyi a hannunka ta zame maka kaya, ka so ka ajiye ta. A nan ne yawancin yaranmu suke yin kuskure.

Na ji wani yana cewa ai digiri 15 ba wani abu ba ne, mutanen Maraɗi da Kano suna ganin abin da ya fi haka. Gaskiya ne, ga wanda yake tsaye a ƙofar gida. Wanda ke kan babur yana gudun kilomita 70 ko 80 a awa, lissafinsa daban. Jikin ɗan Adam yana ɗumama 'yar iskar da ke manne da fata, ita ce take kare shi. Gudu yana share ta, jiki ya sake ɗumama wata, a sake sharewa, kamar yadda ake fifita koko mai zafi har ya huce. Kai kuma a zaune kake, ba motsin da zai haifar da sabon ɗumi. Zafin jikin mai lafiya digiri 37 ne. In ya fara sauka, jiki yakan janye jini daga yatsu da ƙafafu ya tara a ciki don ya kare zuciya. Yatsun da za su damƙi birki da kuloci su ne suke fara mutuwa. In ya kai ƙasa da 35, sai tunani ya yi nauyi, barci ya riƙa fizgar mutum, ya ga rami amma hannu ya makara. Abin tsoron shi ne mai wannan hali yana ganin lafiyarsa lau. Saboda haka ka sa wa kanka doka tun daga gida: da zarar ka fara karkarwa, ko ka kasa haɗa babban yatsa da ƙaramin, ka tsaya, ko da garin da kake nufi yana gabanka kaɗan.

Sai tufafi. Kada ka ɓata kuɗi a kanti, ka je kasuwar gwanjo ta Hejiranawe, duk abin da kake bukata yana can. Riguna marasa kauri guda biyu ko uku a jere sun fi ƙatuwar riga ɗaya, don iskar da ke tsakaninsu ita ke riƙe ɗumi, kuma in rana ta ɗaga kana iya cire su ɗaya bayan ɗaya. Ta waje ita ce mai muhimmanci: jaket ta fata, ko irin wadda iska ba ta ratsawa, mai zif har wuya. In ba ta samu ba, rigar ruwan da 'yan zemijan, wato masu haya da babur, ke sawa da damina tana tare iska sosai. Tsofaffin matuƙa sukan shimfiɗa jarida ko kwali a ƙirji a ƙarƙashin jaket, kuma dabarar tana aiki. Ka nemi safar hannu mai tsawo wadda za ta hau kan hannun riga, don kada iska ta bi ta nan ta shige. Wando biyu, safar ƙafa mai kauri, takalmi rufaffe. Silifa da babbar riga a sa su cikin jaka, ranar ɗaurin aure za su yi amfani. Rawani yana da kyau ga wuya da hanci, amma ka cusa jelarsa cikin jaket ka ja zif. Jelar rawani ko bakin riga in sarƙa ta kama, kafin mutum ya ankara yana ƙasa.

Hular kwano kuma ba don jandarma za ka sa ta ba, ko da yake doka ta wajabta. Ka samu mai rufe haɓa, gilashinta fari garau, don mai duhu yana makantar da mutum a cikin hazo. Ƙura za ta lulluɓe shi, kada ka goge da busasshen hannu ya kakkarce, ka ɗan jiƙa ƙyalle. Ka riƙe man kaɗe a aljihu, ka shafa a leɓe da bayan hannu da cikin hanci, don busasshiyar iskar can tana tsaga fata, tana sa haɓo.

Maigida, kai ne bakanikenmu, faɗa masa naka.

"To, ƙane, ka kawo mini shi kwana biyu kafin tafiya, ba a daren tafiya ba. Zan juye baƙin mai, in sa sabon fulogi, tsohon ka riƙe shi a jaka. Zan wanke matatar iska, kuma in ka isa can ka sa a sake kakkaɓe ta kafin ka juyo, don ƙurar hunturu tana toshe ta, babur ya riƙa shan mai yana rasa ƙarfi. Sarƙa a ɗaure ta daidai, a sa mata mai kaɗan. In ka cika mata mai, ƙura ta manne, ita ce za ta cinye haƙoran. Iskar taya da safe ake dubawa tun tayar ba ta yi zafi ba. Ka tafi da tif ɗaya, da famfo, da kayan faci, da sipana, da wayar kuloci, da ƙwan fitila. Da safe a arewa in ya ƙi tashi kada ka kashe batir, ka ja cok, ka buga da ƙafa, ka bar shi ya ɗan yi ɗumi kafin ka hau. Mai kuma ka sha a gidan mai duk inda ka samu, kada ka bari tanki ya sauka ƙasa da rabi, don na kwalba a bakin hanya ba ka san abin da aka gauraya ba."

Madalla. Yanzu ga hanyar kanta. Tun da aka taso da iyayenmu daga tsohon Zongo na tsakiyar gari aka kawo su nan Aguwe a 1977, babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 a ƙofarmu take. Daga nan Tsebiye, Notse, Atakpame wajen kilomita 160, Aniye, Bilita, Sotubuwa, sai Sokode wajen kilomita 340. Kara ta haura 400, Dapango ta haura 600. Ka ji lissafin da kunnenka. Ƙaramin babur, da tsayawa da sallah da cin abinci, ba ya cinye wannan tsakanin fitowar rana da faɗuwarta sai an yi ganganci. Rana a ƙasar nan wajen ƙarfe 6 take faɗuwa, kuma da ta faɗi a arewa sanyi yake sauka. Don haka ka raba tafiyar biyu. Ranar farko ka tashi bayan gari ya waye sarai, ka kwana Sokode, garin Musulmi ne, ba za ka rasa masallaci da masauki ba. Kashegari kada ka yi sammako. Ka yi sallar asuba, ka karya, ka jira rana ta ɗaga zuwa wajen ƙarfe 8, domin abin da ke gabanka duwatsun Alejo ne kafin Bafilo, sannan na Defale bayan Kara. An yi hanyoyin kewaye a wuraren biyu, amma har yanzu hawa ne da gangara da kwana, kuma kan tudu ya fi ƙasa sanyi. Ba wurin da za a shiga da sandararrun yatsu ba ne. In ka sauka Kante ka nufi Mango, ƙasa ta buɗe, rana ta yi zafi, sai ka tsaya ka rage riguna. Gumin da ya jiƙa rigar ciki shi ne zai daskarar da kai da yamma.

Fataken da suka riƙa ɗauko goro daga Salaga su bi ta Mango zuwa ƙasar Hausa da rani suke tafiya, cikin wannan iskar. Madugu ya san inda ayari zai kwana tun kafin a ɗaura wa jakuna kaya, kuma yakan tambayi labarin hanya wurin masu dawowa. Kai ma kana da masu ba ka labari a kusa. Ga tashar manyan motocin Sahel nan bayanmu, direbobin da ke jigilar kaya daga tashar jiragen ruwa zuwa Burkina da Mali da Nijar kullum suna sauka. Ka je ka gaishe su, ka tambayi inda kwalta ta lalace da inda ake aiki. Su ne kuma za ka fi yin hattara da su a hanya. Mai tirela ba ya ganin ƙaramin babur a cikin hazo, kuma iskar da yake turowa in ya gifta tana iya jefa ka gefe. Ka kunna fitila ko da rana, ka sa riga mai ɗaukar ido a saman jaket. Lokacin ne kuma ake ƙona daji, hayaƙi yakan rufe hanya, ga motocin auduga, ga shanu masu tsallakawa. Duk abin da idonka bai ga ƙarshensa ba, ka rage gudu.

Ga maganar da ta sa na ce hirar ta tsaya tsakaninmu. Na san abin da wasu samari ke haɗiya kafin doguwar tafiya, tiramol da 'yan uwansa, wai don kada su ji sanyi ko gajiya. Ƙanena, dube ni. Ƙwayar ba ta hana sanyi shiga jiki, jin sa kawai take ɗauke maka, alhali jin nan shi ne mai gaya maka ka tsaya. Tana kawo barci, tana sa wasu farfaɗiya a kan abin hawa. Duk wanda ya miƙo maka ita a tasha, ka ce Allah ya sawwaƙe. Abin da ke ɗumama mutum abinci ne: koko da ƙosai da safe, shayi mai citta da kanumfari, shinkafa da wake da rana, dabino da gyaɗa a aljihu. Ka sha ruwa ko ba ka jin ƙishi, don iskar hunturu tana busar da jiki ba tare da mutum ya ga gumi ba. Duk awa ɗaya ko ɗaya da rabi ka sauka, ka taka, ka murza hannuwa. A masauki kuma, kome tsananin sanyi, kada ka yarda a shigar da gawayi ɗaki a rufe ƙofa. Iskar da yake fitarwa ba ta da wari, a cikin barci take kashe mutane.

Takardu su zama cikakku, a cikin leda, a aljihun ƙirji: katin shaida, takardar mallakar babur, inshora, lasin. Ka tanadi 'yan canji na kuɗin hanya, don babur ma yana biya, tun daga shingen Dabiye. Daga Mango zuwa sama ka shiga yankin da gwamnati ta sa wa dokar ta-ɓaci tun watan Yuni na 2022, bayan harin da aka kai wa sojoji a Kpekpakandi cikin watan Mayu na shekarar. Za ka tarar da shingaye da yawa. Ka rage gudu tun daga nesa, ka ɗaga gilashin hula, ka sauke rawani su ga fuskarka, ka amsa tambaya da ladabi. Kada ka bar kwalta ka bi hanyar daji don wani ya ce ta fi kusa, kada ka ɗauki wanda ba ka sani ba ko saƙon da ba ka buɗe ba, kuma kada magariba ta same ka a waje.

Malam yana nan, zai ƙara maka bayani a kan ƙasaru da haɗa salloli, don addini ya sauƙaƙa wa matafiyi. Ka yi sadaka, ka durƙusa gaban Hajiya ka nemi albarka, ka gaya mata dalla-dalla inda za ka kwana. Rabin damuwarta rashin sani ne.

Mu ma da namu aikin. Alhaji, kana da ɗan uwa a Sokode, ka kira shi gobe ya san da baƙo. Ni zan ba da jaket da safar hannu. Maigida ya ɗauki duba babur. Kai kuma ƙanena, abin da muke nema a wurinka biyu ne: ka kira ɗayanmu daga Atakpame, da Sokode, da Kara, da Mango, sannan in ranar ta zo ka tashi da zazzaɓi, ko direbobi suka ce hazo ya rufe arewa, ka jingine babur ka hau bas, kuɗin motar a kanmu. Ba wanda zai kira ka matsoraci a majalisar nan. Ango zuwanka yake so, ba ruwansa da abin da ya kawo ka.

Ka amince? To, Malam, a yi mana addu'a. Allah ya kai ka lafiya, ya dawo mana da kai lafiya, ya sanya albarka a auren.