Tire Ɗaya a Bakin Tekun Dakar

Yawancin mutanenmu da ke zuwa Senegal, Kaolack suke nufa: su ziyarci Madina Baye, makwancin Shehu Ibrahim Inyass wanda ya rasu a 1975, su yi Maulidi, su juyo gida. Ni ma shirina ke nan, sai wani ɗan'uwa a ɗariƙa, malamin makaranta daga unguwar Ngor ta masunta 'yan ƙabilar Lebu, ya rantse ba zan bar ƙasarsu ba sai na ci kifi a inda ake kama shi. Haka muka kama hanyar Dakar, tafiyar kusan kilomita 200.

Ya fara kai ni tsinin Almadies, inda ƙasar nahiyar Afirka ta ƙare ta yamma. Rumfuna ne jere, mata suna fasa kawa da wuƙa, suna matsa mata lemon tsami, ga jatan lande da ƙaguwa a kan garwashi. A mazhabarmu ta Malikiyya duk abin da ke cikin teku halal ne, na sani sarai. Amma wanda ya tashi da tarwaɗa da karfasa, sanin fatawa bai isa ya buɗe masa maƙogwaro ba. Mai masaukina ya lura, bai ce uffan ba, ya ja ni muka ƙarasa wani gidan abinci na wata dattijuwa a bakin ruwa.

Akwai tebura da faranti-faranti don Turawa masu yawon buɗe ido. Mu kuwa tabarma aka shimfiɗa mana, aka kawo ƙaton tire ɗaya na cebujen, dafa-dukan shinkafa da kifi wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun gado na duniya a 2021. Asalinsa birnin Saint-Louis ne, kuma da tsakin shinkafa ake yin sa, irin wanda Faransawa suka riƙa shigowa da shi daga Indochina a zamanin mulkin mallaka. Shinkafar ja ce saboda tumatir. A tsakiya aka tara kifi, an tsaga shi an cusa masa dakakken ganye da tafarnuwa da barkono, kewaye da rogo, karas, kabeji, kuɓewa da gauta mai ɗaci. Ƙamshin nan mai tashi kuwa na busasshen kifin da aka tsima ne, wanda yake yi musu aikin da daddawa ke yi mana a miya.

Kafin mu sa hannu, mai masaukina ya ɗaga murya ya kira direban tasin da ya kawo mu, da wani yaro mai tallan katin waya. Ba wanda ya yi fulako. Suka wanke hannu, suka zauna, aka yi bismilla.

Tiren yana da doka, ko da yake ba wanda ya karanta mini ita. Kowa gabansa yake ci. Ba a miƙa hannu tsakiya a ɗebi kifi; dattijuwar ce ta zauna tare da mu, tana gutsura shi da yatsu, tana zare ƙaya, tana turo wa kowa rabonsa. Yaron ya dafe gefen tiren da yatsan hagu, kansa a ƙasa. Duk lokacin da na rage gudu, sai in ga wata tsoka ta sauka a gabana, ko ɗan ƙanzo, wanda a wurinsu abin marmari ne. "Malam, ci mana, ba ka ci komai ba," in ji mai masaukina, alhali cikina ya ɗauka. Wannan karamci shi suke kira teranga, har ƙungiyar ƙwallonsu ta ƙasa da shi ake mata laƙabi. A ganina abin yabon ba yawan abincin ba ne. Hannun nan ne da ke rabo, wanda ya san wa ke jin kunya, wa ke jin yunwa, ya ba kowa ba tare da ya tona shi ba.

Kuma ba daga yalwa ake yin wannan kyauta ba. Kifin da aka turo mini cof ne, sarkin kifinsu, wanda yanzu ya yi ƙaranci har talaka sai dai ya gan shi a kasuwa. Ko yaboy, ƙaramin kifin da marasa ƙarfi suka dogara da shi, manyan jiragen kamun kifi na ƙetare da masana'antun garin kifi sun rage shi. Direban ya ce kwale-kwalen da dā ke fita su, yau wasunsu matasa suke kwasa zuwa tsibiran Kanari na Sifaniya. Dattijuwar ta ce Allah Ya kyauta, ta ƙara turo mini gefen ciki, wurin da ya fi maiƙo.

Da na laluba aljihu, mai masaukina ya ɓata rai sosai, ya ce ashe zagi na zo yi masa a garinsu. Aka ɗora butar shayi. Zagaye uku ake yi, na fari da ɗaci, na ƙarshe zaƙi zalla, kuma baƙo ba ya tashi a tsakiya. Direban ya bar motarsa a rana, ya zauna aka sha da shi, sannan ya mayar da ni masauki.