Wayar da Rana Ta Cinye

A garin Kusada akwai wani malamin makarantar firamare da ya ja wayar lantarki daga ɗakinsa zuwa na mahaifiyarsa, domin tsohuwa ta samu fitila da fanka. Farar waya ce, irin wadda ake binnewa cikin bango, amma saboda neman sauƙi sai ya bi da ita ta saman katanga. Shekara uku tana aiki lafiya lau. Ran da aka yi ruwan farko na damina ta huɗu, sai aka ga tartsatsi yana tashi dab da rumfar karan da ake ɗaure awaki. Allah Ya kiyaye, aka kashe wuta kafin gobara ta kama.

Malamin ya ɗora wa ɓera laifi. Kashegari ya ɗauko wani mai gyaran wuta daga Kankiya. Da mutumin ya murza wayar, sai robar gefen sama ta marmashe kamar busasshen ganye, alhali ta gefen da ke manne da katanga tana nan da laushinta. Ya ce, “Malam, ai ɓera ba ya zaɓen gefe. Rana ce ta cinye ta.”

Wannan magana ta yi daidai da binciken masana. A cikin hasken rana akwai wani ɓangare da ido ba ya gani, wanda ake kira altarabayolet, wato hasken da ke gaba da shunayya, launin ƙarshe na bakan gizo. Wani Bajamushe, Johann Wilhelm Ritter, ne ya gano shi a shekarar 1801, da ya lura cewa wani sinadarin azurfa yana saurin yin baƙi a wurin da babu hasken da ake gani. Iskar ozon da ke sama tana tare mafi ƙarfinsa, amma ragowar da ke isowa ƙasa ta isa ta yi ɓarna, musamman a yanki irin na Katsina, inda rana ke tsayawa tsakar ka.

Wannan ɓoyayyen haske ba ya cutar da tagullar da ke cikin waya. Rigarta ta roba yake ci. Yakan tsittsinka sarƙar ƙwayoyin da suka haɗu suka yi robar, zafi kuma ya busar da sinadarin da ke ba ta laushi, har ta koɗe, ta taurare, ta tsage. Da ruwa ya shiga tsagar, sai wuta ta sami hanya. Haka nan makunni da soket da ke waje suke yin ɗorawa, su riƙa karyewa. Dalili ke nan da ya sa ake cuɗa robar wayoyin waje da wani baƙin gari mai kama da kunkunniya, wanda ke shanye hasken kafin ya yi illa.

Malamin ya sayi sabuwar waya, aka zura ta cikin bututu, ya biya ninkin kuɗin da ya guje wa da farko. Guntun tsohuwar kuwa sai ya tafi da shi aji, ya miƙa wa ɗalibansa, ya ce su dubi gefen biyu su faɗa masa abin da ya bambanta su.