Ashe Ba Daƙiƙanci Ba Ne

Shekara tara ina koyarwa a firamare nan Ƙofa, duk yaron da ya manta darasin jiya sai in kira shi daƙiƙi. A wani taron horar da malamai na ji labarin Ebbinghaus, Bajamushen da ya nuna tun 1885 cewa mantuwa ta fi sauri a awannin farko bayan karatu. Maganinta bita kaɗan-kaɗan, kuma masu binciken ƙwaƙwalwa sun gano barci na kafa karatu. Na tuna tilawarmu ta makarantar allo, kunya ta rufe ni. Yanzu da tambayoyin jiya nake buɗe aji, bulala kuwa na ajiye. Uwargida, kafin ki zagi ɗanki, tambaye shi karatun yau, gobe ki sake. Allah ya shirya mana zuri'a.