Bakin Waya

Mu da muka tashi a Kafanchan mun san wayar eriya tun kafin mu san cewa akwai ilimi a cikinta. Garinmu mahaɗar layin dogo ne tun 1927, a da jirgi na iso mana daga ko'ina, amma hoton talabijin sai da wahala, kasancewar duwatsun Kagoro da tuddan da ke tsakaninmu da Jos. Saboda haka kowane gida kan ɗaure eriya a kan doguwar gora, baƙar waya ta sauko ta bi taga.

Wanda ya taɓa fere wannan waya ya ga hawa huɗu: zaren tagulla a tsakiya, farar roba kewaye da shi, saƙar ƙarfe mai kama da sulke, sannan baƙar riga. Oliver Heaviside ne ya yi rajistar wannan tsari a Ingila a 1880. Abin da ya ba mu mamaki a jami'a shi ne, saƙon yana tafiya ne a cikin farar robar nan da muke yankewa mu zubar, tsakanin zaren da sulken.

A yau, kafin a ƙera eriya, akan gwada ta a kwamfuta da manhaja irin su HFSS ko CST, masu warware lissafin Maxwell. Sai dai manhaja ba ta motsawa sai an nuna mata ƙofar da ƙarfi zai shiga. Dole a zana ƙofar a kan yankakken bakin wayar, ta rufe zoben robar duka, ta taɓa zaren, ta taɓa sulken. Sannan a faɗa mata ma'auni. Idan robar cikakkiya ce, mai daraja 2.25, kuma faɗin sulken ya ninka na zaren sau 3.5, an sami om 50, irin ta na'urorin sadarwa. Idan ya ninka sau 6.5, an sami om 75, irin ta talabijin. A kuskure wannan, sau da yawa manhajar ba za ta ce uffan ba. Za ta fito da zane mai kyan gani, alhali ƙarya ce tsagwaronta.

Akwai kuma abin da ba ta sani ba sai an gaya mata, wato daminar Kudancin Kaduna. Darajar ruwa ta kai kusan 80. Da zarar ya tsiyaya cikin mahaɗin da ba a naɗe da kyau ba, ma'aunin ya rushe, rabon saƙo mai yawa ya juya ya koma inda ya fito. Masu gyaran rediyo na kasuwarmu, waɗanda ba su taɓa jin sunan Maxwell ba, bakin waya suke fara dubawa a watan Agusta.

Don haka idan aka ɗora mana tsara eriyar da za ta haɗa wani ƙaramin asibitin ƙauye da gari ta bayan duwatsu, sau biyu muke gwaji: ɗaya da busasshiyar waya, ɗaya da jiƙaƙƙiya. Sakamakon na biyu muke miƙa wa mai aikin.