Teburin Ganga

Ran da na sami gurbin karatu a jami'a, Kawu, ƙanen mahaifiyata, wanda maƙeri ne, ya ce zai yi mini kyautar da ta dace da ɗalibi. Bayan mako guda sai ga yaronsa ɗauke da tebur a ka. Tsohuwar gangar mai ce ya fasa, ya buge ta da guduma har ta miƙe, ya lanƙwashe bakinta don kada ta yanki hannu, ya sa mata ƙafafu huɗu na rodi. Shuɗin fentin gangar yana nan, har da guntun rubutun kamfani. Na yi godiya a baki, amma a zuci kunya ce ta rufe ni. Ɗan jami'a guda da teburin ganga? Na bar shi a zaure, na ce wai mota ba za ta ɗauka ba.

Ina aji biyu, wata rana a laburare na buɗe wani littafi na fasalin kayan ɗaki na zamani. Nan na ga kujerar da Frank Gehry, mai zanen gine-gine a Amurka, ya fitar a 1972. Da kwali aka yi ta, irin wanda muke yarwa a bola. An jera shi falle bisa falle, wannan a tsaye wancan a kwance, an manne da gam, har ya yi ƙarfin ɗaukar ƙato. Na kuma ga wata kujera ta kamfanin Emeco, ta 2010, wadda ake narka gorar roba 111 ta lemo a yi guda ɗaya.

Waɗannan mamaki kawai suka ba ni. Wanda ya sa jikina ya yi sanyi shi ne aikin Hamed Ouattara, mutumin Wagadugu ta Burkina Faso. Tsofaffin gangunan mai yake yankawa ya yi tebur da kabad, ba ya goge fentin, ba ya ɓoye lotsawar ƙarfen, ga shi kuwa ana baje kolin aikinsa a Turai da Amurka. Wallahi sai na ga kamar teburina ne a shafin. Masu iya magana sun ce ɗan hakin da ka raina shi kan tsone maka ido.

Da hutu ya zo na tarar da teburin a zaure, kaji sun mai da shi wurin kwana. Na wanke shi, na tafi maƙera na nuna wa Kawu hoton da na ɗauko. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗana, wannan ya iya haɗa kusurwa. Ni dai katako ne ya yi tsada, ganga kuwa ga ta." Ya ƙara da cewa yaransa biyu sun bar ƙira sun koma acaɓa, don mai saye kullum kallon kayan talaka yake yi wa aikin, ya taya da wulaƙanci.

To, jama'a, ni ma ai cikin masu wulaƙancin nake. Abin da na lura shi ne, kowane tebur a littafin nan yana ɗauke da sunan mai shi, na Kawu kuwa ba suna. Saboda haka na roƙe shi ya sa nasa. Ya yi dariya, ya ɗauki ƙusa da guduma, ya buga shi da ajami a ƙarƙashin teburin. Da aka koma makaranta, a saman mota na ɗaure shi da kaina.